Lissafin Sanƙo a Shagon Pan Hipolit

Duk namijin da ya tashi a garinmu, in dai yana da gashi ko ya taɓa yi, to kansa ya bi ta hannun Pan Hipolit Zaremba. Pan ɗin nan kamar a ce Malam ne a wajenmu, mace kuma Pani. Shagon askinsa yana bakin dandalin kasuwa, tsakanin mai burodi da kantin magani. Kujera ɗaya ce, madubi ɗaya, sai bencin masu jira, wanda rabin masu zama a kansa ba aski ya kawo su ba, gulma ce. Shekara arba'in yana tsaye a bayan kujerar nan. Dogo ne siriri, sumarsa kullum a kwance luf, don matarsa Genia ce ke yi masa aski, ita kuwa ba ta wasa da kan mijinta.

Sai dai ba da almakashi aka fi saninsa ba, da godiya ne. Ni dai ban taɓa ganin mai ɓarnar godiya irinsa ba. Ka shigo, na gode. Ka zauna, na gode. Ka ce ya yanke ka a kunne, na gode. An taɓa taka masa ƙafa a coci, ya juya ya yi godiya, har wanda ya taka shi ya rasa inda zai sa kansa. Genia ta ce ranar da ta yarda za ta aure shi sai da ya gode mata, ya gode wa uwarta, sannan ya gode wa karen gidan saboda ya daina haushi.

Godiyar nan ce ta kashe masa karatu, in ji shi. Ranar matura, jarrabawar gama sakandare, ai ba a fita haka nan. Sai wani na gida ya ɗan zunguri ɗuwawun yaro da gwiwa a bakin ƙofa don sa'a, shi kuma ya kama bakinsa. In an yi masa fatan alheri a hanya, "ban gode ba" zai ce, don godiya korar sa'a take yi. To Hipolit yana ɗan shekara goma sha tara, uwarsa ta zungure shi, ya juyo da fara'arsa ya ce, "Na gode, Mama." Baiwar Allah ta ɗora hannu a ka. Ya ci jarrabawar harshe, ya ci ta tarihi, lissafi ya kwaɗa shi da ƙasa. Bai sake komawa ba, kawunsa ya miƙa masa almakashi. Kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya iya gaya masa cewa dama can bai iya lissafin ba.

Yana kusa da sittin ƙafafunsa suka ce sun gaji. Jijiyoyi suka fito ruɗu-ruɗu, shuɗaye, idon sawu ya kumbura. Kowace yamma Genia na jiƙa masa su a ruwan gishiri tana faɗa, shi yana cije leɓe. Abin ya ba ni tausayi matuƙa, don mutumin da ke tashi da gudu ya buɗe wa tsofaffi ƙofa ya koma sai ya dafa bango. Likita bai ɓoye masa ba.

"Pan Hipolit, ko dai ka nemi aikin zama, ko zaman ya zo maka da kansa a keken guragu. Fansho kuwa ka san da saura."

Ya ce, "Na gode, likita."

Ana cikin haka shugaban makarantar koyon sana'a ta garin ya zo aski. Yana kallon madubi ya ce suna neman wanda zai koya wa yara aski daga watan Satumba. Akwai tebur, akwai kujera mai majingini, yara ne za su tsaya, malami ya zauna yana nuni. Hipolit ya ji kamar ya rungume shi. Sai mutumin ya ƙara da cewa doka ta ce sai mai takardar matura.

"Zan riƙe maka gurbin har sakamako ya fito," in ji shi. "In ba takarda, akwai wata matashiya daga babban birni da ke jira. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

Haka Hipolit ya sami kansa a ajin yamma na manya, tsakanin ma'aikatan jirgin ƙasa da matan masaƙa, gwiwoyinsa sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Malamar lissafi sunanta Pani Wanda, ya san ta tun tana zuwa shago riƙe da hular ubanta. Yanzu ita ce ke riƙe da alli, shi yana ɗaga hannu kafin ya yi magana. Ya daure wa haɗawa da ɗebewa, ya daure wa haruffan da ake cusawa cikin lissafi ba gaira ba dalili. Sai ran nan ta zana wani layi mai lanƙwasa a allo, ta ce a nemo girman filin da ke ƙarƙashinsa.

"Wannan yana fitowa kusan kowace shekara," ta ce. "Ƙa'idar trapez. Fili in ya karkace, ba a kokawa da shi. Ku yanka shi sala-sala, kowace sala faɗinta ɗaya. Ku auna tsayin kowane yanka. Na farko da na ƙarshe ku ɗauki rabinsu, ku haɗa da sauran, ku ninka da faɗin sala. Ba daidai cif zai ba ku ba, amma zai kai ku kusa."

Hipolit ya rubuta. Ya karanta a gida, ya karanta a bakin tukunyar kabeji, ya karanta a banɗaki. Abin ya ƙi shiga. Shi a ganinsa layi ne kawai da ya bugu ya kasa tafiya miƙe.

Washegari Rysiek ya zo aski. Rysiek tsohon direban bas ne, abokinsa tun suna tsallaka katangar lambun limamin coci, kuma yana da sanƙo a tsakar ka, zagayayye, sumul, gashi ya kewaye shi ta ko'ina. Hipolit ya ɗaura masa ƙyalle, ya ɗaga mataji, sai ya tsaya cak. Ya yi shekaru yana kallon sanƙon nan daga sama, bai taɓa lura cewa fili ne mai lanƙwasa ba.

"Rysiek, kada ka motsa."

"Me ka gani? Ƙwarƙwata?"

"Ilimi na gani. Sunkuya."

Ya ɗauko fensirin girar Genia daga aljihun tebur, da awon ɗinki, ya ja layi uku a kan sanƙon, ya raba shi sala huɗu, kowace santimita uku. Ya auna: tara, sha ɗaya, goma. Bakin farko da na ƙarshe babu tsayi, sifili ne. Ya haɗa ya sami talatin, ya ninka da uku.

"Casa'in," ya ce a hankali. "Santimita murabba'i casa'in."

"Na me?"

"Na ka."

Rysiek ya shafa kansa, ya duba tafinsa da ya yi baƙi. "To da yawa ne ko kaɗan?"

Nan fa aka samu abin yi a bencin. Pan Alojzy, tsohon mai kantin magani, wanda ba ya yarda a ce wani ya fi shi gashi, ya ce ai kowa ya san sanƙon Rysiek ya fi nasa, a gwada a gani. Shi nasa ba tsibiri ba ne, daga goshi ya taso ya nausa baya. Hipolit ya auna layin farko a goshi, ya tuna maganar malama, ya raba shi biyu.

Rysiek ya miƙe daga benci. "Tsaya, tsaya. Me ya sa shi ake raba masa, ni ba a raba mini ba? Don yana da digiri?"

"An raba maka. Rabin sifili sifili ne."

"Ka ji ɗan iska, yanzu ni ne sifili?"

Pan Alojzy ya fito ɗari da ashirin da wani abu. Ya ce awon ɗinkin ya miƙe saboda tsufa, ya biya kuɗin askinsa fuska a murtuke, ya fita. Hipolit ya bi shi da godiya.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari. Maza suka riƙa zuwa da hula, su cire a hankali, su ce dama wucewa suke yi. Mahauci ya zo, mai kaɗa molon coci ya zo, har wani ɗan sanda ya zo ya rufe ƙofa ya ce in lambar sanƙonsa ta fita waje zai san wanda ya faɗa. Mata kuwa suka riƙa tarar da mazansu da layuka a ka kamar gonar dankali. Genia ta nemi fensirinta ta rasa, da ta gano inda ya tafi sai da mai burodi ta ji muryarta ta bango.

Rigimar gaske ta taso ne ranar da Hipolit ya ce zai sake auna Rysiek da sala goma sha biyu, don malama ta ce yawan sala shi ne kusantar gaskiya. Ya ja layukansa sirara, ya haɗa, ya ninka, ya sami ɗari da ɗaya.

Rysiek ya dafe kansa. Ya kira shi da sunansa na gida, ya ce, "Hipek, mako biyu fa. Sha ɗaya a mako biyu. In aka tafi a haka kafin Ista kunnuwa kaɗai za su rage mini."

Ran nan bai ci abinci ba, matarsa ta zo shago da kanta tana tambayar abin da aka yi wa mijinta. Hipolit hankalinsa ya tashi, ya kai ƙara wurin Pani Wanda bayan aji, ya zayyana mata komai. Ta dafa tebur, ta juya wa allo fuska, kafaɗunta na motsi don dariya. Da ta samu ta tsaya sai ta zana masa.

"Duba nan, Pan Hipolit. Bakin sanƙon waje yake bultsowa, kai kuma miƙaƙƙen layi kake ja daga yanka zuwa yanka. Kowace sala tana barin ɗan ɓarɓashi a waje. In salar kaɗan ce, ɓarɓashin da yawa, sai lissafin ya gaza gaskiya. Sanƙon abokinka bai ƙaru ba, da can ne ka rage masa."

"Na gode, Pani malama. Wato sala kaɗan, sanƙo kaɗan."

"In ya bultso waje. In ya loɓa ciki, ƙari za ka yi."

Bai taɓa fahimtar wani abu a lissafi sarai irin wannan ba, ya dawo gida yana ɗingishi yana murmushi. Daga ranar ya zama ana tambaya a shago, "Sala nawa za a yi maka?" Mai ƙarfin zuciya ya ce goma. Pan Alojzy ya dawo ya ce biyu sun ishe shi, shi ba mai son ɓata wa mutane lokaci ba ne.

Sai kuma maganar suma. Daga rawar kwana ɗari, wadda 'yan ajin ƙarshe ke yi cikin hunturu in saura kwana ɗari jarrabawa, mai shirin matura ba ya aski har ya gama, don kada a yanke karatun tare da gashin. Hipolit ya fi kowa sanin wannan, shekara arba'in yana asarar samari duk bazara saboda ita. 'Yan ajin yamma ba su yi wata rawa ba, amma shi ya ce wannan karon ba zai bar ko ƙofa ɗaya a buɗe ba. Ranar da Genia ta ɗauko almakashi ya rufe kansa da hannu biyu.

"Hipek, kai wanzami ne. Wa zai zauna a gaban wanzami mai kai kamar tsintsiya?"

"Trapez ɗin yana ciki, Genia."

"A cikin gashin?"

"Ban san inda yake ba. Shi ya sa ba za a taɓa ko'ina ba."

Sumar ta tsaya sama, fara fat, ta sauko kan kunnuwa, ta haɗe da gemu. Yara suka riƙa leƙe ta taga. Genia ta daina tafiya kusa da shi in za su coci, tana gaba yana baya. Amma duk yamma ruwan gishirin yana nan, kuma ita ce ke riƙe littafi tana tambayarsa, "Na farko da na ƙarshe?" ya ce, "Rabi." Ƙafafun kuwa ƙara lalacewa suke yi. A watan Afrilu sai da ya fara jingina da bayan kujerar aski yana aiki, yana yi kamar gyara ƙyalle yake.

Safiyar jarrabawa ya sa baƙar kwat ɗinsa ta aure, wadda maɓallinta ɗaya kawai ke rufuwa. Genia ta tsayar da shi a bakin ƙofa, ta tattare siket, ta ɗaga gwiwa. Ba zunguri ta yi ba, ta haɗa da haushin fensirinta da na sumar duka. Ya tafi taga-taga har ya kama ƙarfen bene. Bakinsa ya buɗe da kansa, ta ɗaga yatsa. Ya haɗiye maganar da ƙyar, idonsa har ya kawo ruwa.

Hanyar makaranta kuwa ta dandalin kasuwa take bi, kuma duk masu sanƙon garin sun fito. Da gangan suka yi, na rantse.

"Allah ya ba da sa'a, Hipek," in ji Rysiek.

"Ban gode ba."

Mai burodi ta miƙo masa ɗan burodi mai zafi a takarda. Ya karɓa, gumi na keto masa. "Ban... ban gode ba, Pani."

Pan Alojzy ya cire hula ya rusuna, ya buɗe masa hanya da ladabin da bai taɓa yi wa kowa ba. Hipolit ya rufe baki da burodin ya wuce. Ya isa zauren jarrabawa bai yi godiya ko ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ya iya magana. Ya zauna, ya sauke numfashi, ya ji ya tsira. Wata dattijuwa mai tabarau, cikin masu sa ido, ta ajiye masa takardar tambayoyi.

"Na gode," in ji Hipolit.

Kai, ni kaina da aka ba ni labarin sai da na dafe kai. Ya zauna kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya ga uwarsa da hannu a ka, ya ga matashiyar babban birni a kan kujerarsa mai majingini, ya ga kansa a bayan kujerar aski har ƙafafun su ƙare. Ya ɗaga hannu. Dattijuwar ta dawo.

"Pani, don Allah, na janye."

"Ka janye daga jarrabawar?"

"A'a, godiyar. Ban gode ba."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi sumar, ta koma wurinta.

Tambayoyin farko ya yi musu abin da ya iya, wanda ba shi da yawa. Babbar tambayar, mai maki da yawa, tana shafi na biyu: zanen tafki ne a gefen hanya, gefe ɗaya miƙe, sauran a lanƙwashe, an ba da tsayi bakwai, an ce a kimanta girmansa da ƙa'idar trapez, a kuma faɗa ko amsar ta gaza gaskiya ko ta zarce. Ya zura wa tafkin ido. Babu komai a kansa, fayau. Shi bai taɓa yi wa tafki aski ba. Lokaci na tafiya, na kusa da shi na ta rubutu, ƙafarsa ta hagu na zuga. Yana juya takardar don baƙin ciki, miƙaƙƙen gefen ya koma ƙasa, sai ya ga kamar ya san mutumin nan. Ya ɗauki fensir ya zana kunne a dama, kunne a hagu. Ya ƙara ɗan hanci a ƙasan miƙaƙƙen gefen, ya yi wa sauran geza da gashi. Pan Alojzy ne sak, daga sama.

"Sunkuya," ya ce a hankali, sai da na gabansa ya waiwayo.

Na farko da na ƙarshe, rabi. Ya haɗa, ya ninka. Wajen tambaya ta biyu ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa cewa bakin ya bultso waje, don haka lissafin ya rage masa, gaskiyar ta fi haka, amma ba lallai ne a gaya masa ba. Ya manta bai goge kunnuwan ba.

Sakamako ya ɗauki makonni, kuma bai yarda an taɓa sumar ba sai da ya fito. Pani Wanda ce ta zo shago da kanta, benci cike. Ta ce masu duba takardu sun yi doguwar muhawara a kan kunnuwan, wani ya ce raini ne, wani ya ce ba a hana ba. Sauran tambayoyin kuwa, ta ce gara kada a yi maganarsu a gaban mutane.

"Pani malama, na ci ko ban ci ba?"

"Ka ci, Pan Hipolit. Da ƙyar, a kan layi. Amma ka ci."

Ya ajiye almakashi. Kowa ya zuba ido yana jiran ruwan godiya, amma mutumin nan ya kasa cewa uffan, sai haɓarsa ke rawa cikin gemu. Rysiek ya fyace hanci da ƙyallen aski, ya ce shi dai yanzu bai san wanda zai riƙa yi masa sala huɗu ba.

Ranar farko ta Satumba ya tafi makarantar koyon sana'a, kansa a kwance luf, Genia ta raka shi har bakin ƙofa, kusa da shi. Bene hawa biyu ne, ya hau shi a hankali yana hutawa. A ajin yara sun jeru a tsaye, kowa a bayan kujerar askinsa, da fararen riguna. Can gaba ga tebur, ga kujera mai majingini. Hipolit ya je ya tsaya a bayanta, ya dafa ta da hannu biyu, yana jiran mai zama. Sai da aka ɗan jima wata yarinya ta ce, "Malam, taka ce."

Ya zagayo ya zauna. Ya miƙe ƙafafunsa a ƙarƙashin tebur, ya ji zugin yana sauka kaɗan-kaɗan, da safe, ana tsaka da aiki. Ya lumshe ido, har yaran suka fara kallon juna.

"Malam, lafiya?"

Ya share ido da bayan hannu. "Lafiya lau. Kowa ya ɗauko matajinsa."